Aron Ƙafa a Gangaren Tsamiya

Ku matso kusa. Kai Ilu, rage fitilar nan, ba karatu za mu yi ba. Wannan ba tatsuniya ba ce, babu Gizo babu Ƙoƙi a cikinta. Kowa ya yi bisimilla a zuciyarsa, don waɗanda za mu ambata suna da kunne.

Kun san Kawu Lurwanu, autan su Inna, bakaniken birki. Kun san shi yanzu da sanyin hali, ba ya ɗaga murya, ba ya barin aikin yau ya kwana. To, da ba haka yake ba. Hannunsa dai yana da kyau tun asali, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Amma akwai kalma ɗaya da ta fi goro zama a bakinsa, ita ce gobe.

Mahaifinsa, Malam Mamuda direba, kakanmu ke nan, yana da wata tsohuwar a-kori-kura da ta girmi Lurwanu. Tsohon ƙato ne, ga murya, ga dokoki. Ba ya tayar da mota sai ya ja birkin hannu ya ji ya kama. Ba ya fita sai da weji, wato guntun katakon nan mai baki da ake cusawa a ƙarƙashin taya don kada mota ta gangara. Kuma ba ya taɓa ɗaukar dutse a bakin hanya ya tokare taya da shi, ko da kowane direba haka yake yi. Yakan ce, dutsen da ka gani a daji, ba ka san wanda ya ajiye shi ba.

Da Lurwanu ya ƙware, motar ta dawo hannunsa. Abin da ya fara yi shi ne ya kwance birkin baya na da, mai ganga da takalmi, ya ɗaura faranti da kalifa. Kalifa ita ce ƙarfen nan mai kama da muƙamuƙi, wanda ke cije farantin taya in an taka birki. Mota kuwa ta riƙa tsayawa cak, 'yan gareji suna ta yaba masa. Sai dai kalifar da ya ɗaura ba ta da ɗan hannun da ake maƙala wayar birkin hannu. Sai ya naɗe wayar ya ɗaure ta a ƙarƙashin mota. Sandar birkin hannu ta zama ado, ka ja ta ta taso sakaka, ba ta riƙe komai.

Tsoho ya shiga motar, ya ja, ya dubi ɗansa.

"Ina birkin hannu?"

"Baba, a giya ake barin ta. Kowa haka yake yi yanzu."

"Injin nan ya tsufa. Giya ba ta riƙe shi a gangare. Akwai kalifa mai hannu, ka nemo ka ɗaura."

"Gobe in Allah ya yarda."

Don kada a zalunce shi, ya nemo ɗin. Ya sayo guda biyu, ya naɗe su a tsumma ya jefa cikin akwatin kayan aiki. Nan suka yi kwanciyarsu. Gobe ta haifi gobe, har ta yi jikoki. Wejin ma wani ya ara a gareji, irin aron da ba a dawowa da shi, Lurwanu bai bi sawu ba.

Ana nan sai ciwo ya kayar da Malam Mamuda. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, hannu da ƙafa, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Mutumin da in ya yi tsawa a zaure ana ji a bakin rijiya, sai ga shi da ido kawai yake magana. An kwantar da shi asibiti a birni har damina ta yi nisa. Daga baya likita ya ce a kai shi gida a ci gaba da addu'a.

Lurwanu ne ya je ɗauko shi, shi kaɗai. An ce ya tafi da wani, ya ce gaban motar ba wuri. An ce ya kwana ya taso da safe, ya ce yana da aiki. Wai kuma don kada mota ta dawo fanko, ya loda mata buhunan taki har tana nishi. Sai da ƙarti uku suka taru kafin a ɗora tsohon a kujera, aka ɗaure shi da rawaninsa don kada ya zame. La'asar ta yi sakaliya suka kama hanya. Da suka zo mararraba, maimakon ya bi kwalta, Lurwanu ya yanke ta Gangaren Tsamiya, wai ta fi kusa.

Ku ba ku san gangaren nan ba, kuma ba na muku fatan saninsa. Doguwar gangara ce ta jar ƙasa. Hagu tudu, dama kwazazzabo mai zurfi, a ƙasa kuma kwana ce mai kaifi. A tsakiya, can kan tudun, akwai wata tsohuwar tsamiya ita kaɗai. Ba gida, ba gona, ko makiyaya ba sa tsayawa a wurin.

Sun yi rabin gangaren sai Lurwanu ya ji ƙauri. Motar ta fara ja hagu, tana nauyi, kamar an riƙe mata ƙafa. Ya taka birki, ƙafarsa ta nutse har ƙasa. Motar ta yi ta ƙugi, ta yi ta ƙugi, ta tsaya da kanta daidai saitin tsamiya.

Ya sauko ya duba. Tayar baya ta hagu na hayaƙi. Kalifar ta cije farantin ta ƙi saki, zafi ya fasa robarta, man birki na ɗiga a ƙasa. Nan take ya gane halin da yake ciki. Cizon nan da ta yi shi kaɗai ke riƙe da motar. In bai canja ta ba, ba tafiya. In kuma ya kwance ta, babu abin da zai hana motar gangarawa, domin da zarar an ɗaga tayar baya ɗaya, giya ta tashi aiki. Ya duba waya, ba sabis. Ya dubi yamma, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa.

Ya shiga neman abin tokare taya. Hanyar duk taɓo ce da yashi, ko tsakuwar kirki babu. Sai ya hau tudun. A gindin tsamiyar nan ya tarar da wuri fes, kamar yanzu aka share. Ga duwatsu uku baƙaƙe a ajiye, sun yi da'ira kamar murhu. Ba toka, ba itace, ba sawun kowa. Ya sunkuya ya ciccibi babban. Ya ji shi da ɗumi. Ya ce a ransa rana ce, bai tsaya ya tuna cewa a inuwa dutsen yake ba.

Da ya gifta ta gaban mota rungume da dutsen, Malam Mamuda ya gani. Idanunsa suka firfito. Ya hau gurnani, yana dukan ƙofa da hannunsa mai lafiya.

"Yi haƙuri, Baba, yanzu zan gama," in ji Lurwanu. Ya ɗauka tsohon gajiya ya yi.

Ya cusa dutsen a gaban tayar baya ta dama, wadda ke bakin kwazazzabo. Ya dawo hagu ya kafa jak, ya ɗaga motar, ya cire taya. Ya ɗauki sifana ya kwanta rigingine, ya shige ƙarƙashi don ya kai ga notukan bayan kalifa. Ya kwance na farko. Ya kwance na biyu. Ya sa guduma ya doke ta, kalifar ta saki. Motar ta yi wani ɗan motsi gaba, ta hau kan dutsen, ta tsaya. Yanzu rayuwar tsoho tana kan dutsen nan.

A lokacin ne ya lura gyare sun yi shiru. Tsuntsayen da ke ta hayaniyar komawa sheƙa su ma sun yi tsit. Sai ƙanshi ya bugi hancinsa, ƙanshin miyar kuka da daddawa, a dajin da ba gida.

"Sannu da aiki."

Muryar mace ce, a hankali, amma kamar daga cikin randa take fitowa. Lurwanu ya juya kansa. Wanda ke ƙarƙashin mota ba ya ganin fuskar mutum, ƙafa kawai yake gani. Ga ƙafafu nan biyu kusa da dutsen, ta ɓangaren kwazazzabo, inda ko akuya ba ta da wurin tsayawa. Sun sha jan lalle, da munduwa a kowane idon sawu. Mai su ta durƙusa a hankali. Gwiwoyinta suka lanƙwaso wajensa, amma yatsun ƙafarta kwazazzabo suke kallo. Dunduniya ce a gaba.

Sifana ta suɓuce daga hannunsa. Ya fara karanto duk abin da ya zo bakinsa, harshensa na harɗewa.

"Ci gaba da karatunka," in ji ta. "Mu ma muna yi. Ba shi ya kawo ni ba."

"Inna, me na yi?"

"Dutsena."

"Wallahi ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba."

Munduwar ta yi ɗan ƙara, ko da yake ƙafar ba ta motsa ba.

"Tukunyata na kan wuta. Dutse biyu ba sa riƙe tukunya. Tun da ka ɗauke na ukun, 'yata ce ta tallafe gefen da hannunta. Saurara."

Ya kasa kunne. Daga can gindin tsamiya wani siririn kuka ke tasowa, irin na yarinyar da aka hana ta yin kuka da ƙarfi. Tsoro yana nan, amma kunya ta fi shi, domin shi ma yana da 'ya a gida.

"Inna, in aka cire dutsen nan motar za ta tafi. Mahaifina na ciki, ba ya iya motsi."

"Ni ba na cirewa. Hannun da ya ɗauka shi ke mayarwa. Amma ka ga jan nan na yamma? In ya mutu maigidan zai dawo. Shi ba ya magana da mutane."

Lurwanu ya fito da rarrafe, kansa a ƙasa, bai yarda ya dubi inda take ba. Ya ce bari ya fitar da tsohon tukuna. Ƙofar tsoho wajen kwazazzabo take buɗewa, sai ya shiga ta wajen direba, ya kama hammatar tsohon ya ja. Tsohon ko gezau. Motar kuwa ta yi lilo a kan jak, dutsen ya yi ƙara a ƙarƙashin taya. Ya sake shi da sauri. Ya gane in ya ƙara ja, da hannunsa zai tura mahaifinsa rami. Abu ɗaya ya rage, ya gyara birkin kafin jan nan ya mutu.

Ya buɗe akwati ya zaro ƙunshin tsumman nan. Ga kalifa mai hannu, wadda aka yi ta roƙonsa ya ɗaura. Ya shige ƙarƙashi da ita. Farantin har yanzu wuta ne, ya ƙone masa yatsu bai kula ba. Noti ya ƙi kama zare, ya kwance ya sake. Sifana ta goce, ƙarfe ya yanke masa bayan hannu, jini ya gauraya da baƙin mai. Duk lokacin da ya juya kai, ƙafafun nan suna nan inda suke. Kukan yarinyar kuma yana nan, yana ƙara siriri.

Ya ɗaure kalifar. Ya haɗa bututun mai. Ya fito ya buɗe gaban mota, ya cika ƙoƙon man birki. Sai ya tsaya, gorar mai a hannunsa.

Duk wanda ya taɓa zama a gareji ya san wannan. In an canja kalifa, iska takan shiga bututu, kuma birki ba ya kamawa sai an fitar da ita. Aikin nan na mutum biyu ne. Ɗaya yana ciki yana famfa birki da ƙafa ya riƙe, ɗaya yana ƙasa yana buɗe ɗan noti iskar ta fita. Wayar birkin hannu kuwa ta daɗe a naɗe, tsatsa ta cinye ta, ba abin da za ta yi yau. Lurwanu ya dubi hanya sama da ƙasa, ba kowa. Ya zauna daɓas a taɓo, hawaye suka zubo masa.

"Ka gama?" in ji muryar.

"Inna, saura abin da mutum ɗaya ba ya iyawa. Sai an taka mini birki daga ciki."

"Wa ka ce yana ciki?"

"Mahaifina. Mamuda direba."



"Mai sallama," in ji ta. Muryar ta ɗan yi laushi. "Shekara da shekaru yana bin gangaren nan. Bai taɓa danna mana oda ba. In ya zo saitin tsamiya sai ya rage wuta, ya ce salamu alaikum masu gida. Yaranmu sun san kukan motarsa. Da muka ji ta yau, mun ɗauka shi ne."

Lurwanu ya sunkuyar da kai. Sau nawa yana yaro ya ji tsohon na wannan sallama, yana dariya a ransa, wai Baba na gaida itace.

"Koma ka kwanta," in ji ta. "Na ara masa."

Bai tambayi me ta ara ba. Ya shige ƙarƙashi, ya ɗora sifana a kan ɗan notin. Ya saci kallon wajen dutsen. Ƙafa ɗaya ce a tsaye. Ɗayar babu ita, munduwarta na kwance a ƙasa.

Da ƙyar ya iya furta kalmar da ya saba faɗa kullum a gareji.

"Famfa."

Sai ya ji daga cikin mota, fuf, fuf, fuf. Ana taka birki.

"Riƙe."

"Na riƙe."

Muryar Malam Mamuda ce. Ba gurnani ba, ba karkataccen baki ba. Muryar nan ce cikakkiya, wadda ta koya masa wannan aikin tun yana tsayawa a kan bulo kafin ya leƙa inji. Lurwanu ya cije leɓe don kada ya fashe da kuka. Ya buɗe notin, mai ya feso da kumfa. Ya ɗaure.

"Famfa, Baba."

Fuf, fuf, fuf.

"Riƙe."

"Na riƙe."

Haka suka yi ta yi, uba da ɗa, har kumfa ta ƙare, mai ya fito garau. Ya mayar da taya, ya ɗaure notuka, ya sauke jak. Ya dubi yamma. Jan ya koma kamar zare a bakin ƙasa.

"Inna, bari in sauka da motar ƙasa, in dawo miki da dutsen a guje."

"Saurara," in ji ta.

Can nesa, ta bayan tudu, wani sauti ke tahowa. Dum. Dum. Kamar ana daka a babban turmi, amma turmin tafiya yake yi. Ganyen tsamiya ya fara kaɗawa, alhali ba iska.

Lurwanu ya leƙa cikin mota. Rawanin ya kwance. Tsohon ya zamo ya kishingiɗa a kan kujera, ƙafarsa ta hagu, matacciyar nan, ta miƙe har kan birki ta danne shi. Lurwanu ya dubi ƙafar sau ɗaya ya kau da kai. Da dunduniya take fuskantar gaba.

Tsohon ya dube shi. Zufa na tsiyaya daga goshinsa.

"Je ka mayar musu. Na riƙe."

"Baba, in ƙafar ta saki fa?"

"Na ce na riƙe."

Taya ta riga ta hau dutsen, ba ya ciruwa da hannu. Dole ya sake kwanciya a ƙarƙashin motar, a gaban tayar, inda in ta taho shi za ta fara takewa. Ya sa guduma ya doki dutsen. Ya sake doka. A na gaba dutsen ya fita. Motar ta yi wani dogon nishi, buhunan taki suka motsa a baya, taya ta mirgino kamar faɗin yatsa. Ta tsaya.

Dutsen yanzu ba ɗumi ba ne, zafi ne sosai. Ya tuɓe rigarsa ya naɗe shi, ya rungume, ya fara hawa tudu. Taɓo na zame masa. A bayansa motar na ƙara, ƙiii, ƙiii, kowace ƙara tana tsinka masa zuciya. Yana so ya waiwaya, amma ya san in ya ga ta motsa zai jefar da dutsen ya koma, kuma in ya jefar ya kashe su duka.

"Na riƙe," in ji tsohon daga ƙasa. Muryar ta fara rauni.

Dum. Dum. Dakan ya matso.

Ya isa gindin tsamiya. Idonsa bai ga komai ba sai duwatsu biyu da sharariyar ƙasa. Amma zafin wuta na dukan fuskarsa, yana jin tafasar tukunya, yana jin ƙaurin fata. Kukan yarinyar yana nan dab da gwiwarsa. Ya durƙusa. Abin da ya kamata ya yi tun farko, sai yanzu ya yi shi.

"Salamu alaikum, masu gida."

Ya tura dutsen cikin gurbinsa. Ya ji wani nauyi ya sauka a kai, ƙwas, kamar an ɗora tukunya. Wani ɗan ƙaramin abu mai zafi ya goga bayan hannunsa ya janye. Kukan ya tsaya. Wata 'yar murya ta ja numfashi ta ce, "Wash."

"Ki yafe ni," in ji Lurwanu. "Don Allah ki yafe ni."

Dakan ya tsaya cak, a bayan itacen. Wani abu ya yi numfashi daga can sama, inda rassa suke. Lurwanu bai ɗaga kai ba. Ya ja da baya, ya juya, ya gangaro tudun rabi da gudu rabi da gindi. Ya faɗa cikin mota, ya ɗora ƙafarsa a gefen ta tsohon, ya danna. Birki ya kama, tauri kamar dutse.

"Ka taka?" in ji Malam Mamuda.

"Na taka, Baba."

"To. Ƙafar mutane ce, a mayar musu."

Ƙafar ta sulale daga kan birki ta faɗi yaraf, yatsu a gaba, matacciya kamar yadda take da safe.

"Baba, ka yafe mini. Kai ka ce in ɗaura, na ƙi. Baba?"

Bakin ya riga ya koma ya karkace. Ido kawai ke kallonsa. Lurwanu ya gyara masa zama, ya ɗaure rawanin, ya tayar da mota. Suna gangarawa a hankali ya dubi madubi. A cikin ɗan hasken da ya rage ya hango mace tana hawa tudu da ƙafa biyu, tana ɗingishi kaɗan. Kusa da tsamiyar kuma akwai wani abu a tsaye, wanda da farko ya ɗauka itace ne na biyu. Ya sa hannu ya kife madubin.

Da suka iso gida aka sauke tsoho, aka zo sauke taki. A saman buhunan aka tarar da weji. Sabo, na icen tsamiya, an sassaƙa shi da kyau. Gefe ɗaya ya ƙone, kuma a cikin ƙunar akwai shatin 'yan yatsu ƙanana. Lurwanu bai ce wa kowa komai ba, ya ɗauke shi ya shiga da shi ɗaki.

Washegari ko karyawa bai yi ba. Ya ɗaura ɗaya kalifar, ya nemo sabuwar waya ya haɗa. Ya sa aka fito da tsoho a kujera har bakin motar. Ya shiga, ya kama sandar birkin hannu ya ja. Ƙarat, ƙarat, ƙarat, ta kama. Ya sa aka tura motar, ta ƙi motsi. Ya sauko ya durƙusa a gaban mahaifinsa. Tsohon ya ɗaga hannunsa mai lafiya, a hankali, ya ɗora masa a ka. Ya daɗe bai ɗauke ba.

Malam Mamuda bai sake magana ba har Allah ya karɓi abinsa bayan kaka. Maganarsa ta ƙarshe a duniya ta aro ce, kuma a kan ɗansa ya ƙarar da ita. Shi ya sa har yau, in Kawu Lurwanu na ƙarƙashin mota ya ce riƙe, aka amsa masa da na riƙe, sai ku ga ya ɗan yi jim kafin ya buɗe notin. 'Yan gareji sun ɗauka tsufa ne.

To, kun ji. Kada wanda ya bi Gangaren Tsamiya shi kaɗai, balle da almuru. In ƙaddara ta bi da ku, ku rage gudu, ku yi sallama, kada ku taɓa oda. In kuka ga duwatsu uku a jere a inda ba gida, ku bar wa masu su abinsu.

Ilu, ka daina zare ido. Katakon nan da ka jingina da shi tun ɗazu, wanda ake tokare ƙofar zaure da shi in mota ba ta fita ba, shafa gefensa na hagu. A'a, ba ni zan shafa maka ba. Ko da sanyin asuba ka taɓa shi, da ɗuminsa za ka same shi. Ku tashi ku kwanta, kowa ya yi addu'a, wanda ke bayan kowa ya ja ƙofa.